Yadda na ɓata layin jirgin Kawu

Kawuna mai walda ne a garin Rano. Ƙofofi da tagogi da kurar ruwa su ne abincinsa na yau da kullum, amma abin da ya sa yaran Rano da ƙauyukan kewaye suka san shi, wani lilon ƙarfe ne mai kewayawa da ya ƙera da hannunsa daga bututun ruwa da boris ɗin tsohuwar tirela. Kujeru 12 gare shi, kowace da 'yar sarƙar da ake tare yaro da ita. Ba inji ba janareto. Samari majiya ƙarfi ke tura shi a guje, su sake shi ya yi ta juyi har ya gaji don kansa. Yara na kiransa jirgi. Duk shekara yana jingine a bayan shago yana cin tsatsa, sai ana jibi Sallah a fito da shi, a sha shi da fenti da giris, a kafa shi a wani fili da ke gefen gari.

Da can jirgin Kawu na 'ya'yan talakawa ne kawai. Uban da ke da ɗan hali a Rano ko Kibiya, in Sallah ta zo, mota yake cikawa da 'ya'yansa, a bi ta Bunkure a fita Ƙarfi a hau titin Zariya zuwa Kano, a kai su Gidan Zoo da Gwamna Audu Bako ya kafa a farkon shekarun 1970, su ga zaki su hau lilo su sha askirim. Samari kuma su yi Tiga. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, wannan tafiya ta gagari mafi yawan iyaye. Yaran da a da ake kai wa Kano sai suka dawo filin Kawu, suka haɗu da na Rurum da Saji da Lausu da Zurgu da Tarai, waɗanda ake jido su a adaidaita-sahu da a-kori-kura su zo kallon hawan Sarkin Rano, in an watse su gangaro wajenmu da ɗan kuɗin barka da Sallah a ƙulle a bakin mayafi.

Ni malamin firamare ne a Kibiya, kuma tun ina ɗalibi nake zuwa taya Kawu karɓar kuɗi duk Sallah. Layi ne ya dame ni. Yara su tsaya a rana su yi ta hamma, wasu su yi kuka, wasu su yi dambe. A azumin 2024, bayan an sauko daga tarawihi, na shiga kallon bidiyon wuraren wasan kamfanin Disney na Amurka a wayata, har abin ya zame mini jaraba. Tun da suka buɗe wurinsu na farko a Kalifoniya a 1955 layi ke ba su ciwon kai, domin mutum kan biya kuɗi mai yawa ya ƙare rabin yininsa a tsaye. A wurinsu na Fulorida sai suka shiga cusa wasa a cikin layin kansa. A 2010, a layin wani ɗan dabban tatsuniyarsu mai kwaɗayin zuma, Winnie the Pooh, suka kafa bangon gilashi da yaro zai shafa da hannu ya ga kamar zuma ce ke kwarara, suka jera ganguna masu siffar kayan lambu. A 2011 suka yi wa layin gidan fatalwarsu maƙabartar ƙarya, wadda in ka taɓa wani kabari sai kiɗa ya tashi. Daga nan na bi diddigi har na kai ga wata maƙala da wani malamin jami'ar Harvard, David Maister, ya fitar a 1985 kan halin ɗan Adam a cikin jira. Batu na farko a cikinta shi ne, wanda hannunsa ko idonsa ke kan wani abu ba ya jin tsawon jira kamar wanda ke tsaye zugum. Ina karanta wannan na ce shi ke nan, na samo magani.

Na je wa Kawu da tsari. Za a ja igiya biyu a kan turakun ƙarfe a yi layi ɗaya dogo. A tsakiyarsa a jera kwalabe, duk yaron da ya iso wurin a ba shi zoben roba ya jefa, in ya faɗa wuyan kwalba ya samu alawa. Gaba kaɗan a rataye gwangwanaye da tsohuwar ganga su riƙa bugawa, da wani falangen kwano mai sheƙi da Kawu zai lanƙwasa don yaro ya ga fuskarsa ta yi tsawo kamar goran nono. Ni kuma in tsaya a kan benci da lasifika ina yin kacici-kacici, wanda ya cinka a fito da shi daga layi a kai shi gaba ya hau nan take.

Kawu ya saurare ni har na gama, yana goge hannunsa da tsumma. Tambayarsa ta farko ita ce ko jifan zoben nan ba caca ba ce. Na ce ai kyauta ne, ba wanda zai zuba ko sisi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, yaran nan fa jirgi suka zo hawa." Tun da na fara koyarwa yake kirana Malam, rabi girmamawa rabi tsokana. Na ce, "Kawu, ku bari mu gwada, haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba." Ɗan 'yar'uwarsa ne ni, kuma na yi boko, sai ya yi mini kara. Da hannunsa ya lanƙwasa kwanon.

An yi Ƙaramar Sallah ranar Laraba 10 ga Afrilu. Duk wanda ya san ƙasar Kano ya san abin da Afrilu ke nufi, zafin da ke haura digiri 40, iska ta tsaya cak, ƙasa ta riƙa ƙona tafin ƙafa ta cikin silifa. Ranar farko mutane na Idi da gaishe-gaishe da rabon tuwo, yara ba su yi yawa ba, tsarina ya tafi daidai. Suka jefa zobe, suka doki ganga, suka yi ta ƙyaƙyata dariya a gaban kwano. Na kwana ina jin kaina, har na ɗauki hotuna na tura wa abokan aikina. Ashe kallon kitse nake wa rogo.

Washegari ƙauyuka suka sauko. Kafin azahar layin ya cika igiya ya malala har bakin hanya. Abin da ya biyo baya ban gane shi ba a lokacin, don ina kan benci ina ta faman raha da lasifika. Daga baya na zauna na warware shi zare-zare.

Layi abu ne mai tafiya, wasa kuwa tsayar da mutum yake. Yaron da ya iso wajen kwalabe ba ya son matsawa sai ya ci alawa, ya jefa ya kuskure ya ce a ƙara masa. Kafin ya gama, waɗanda ke gabansa sun yi nisa, an bar fili a tsakani. Na baya suna hangen filin nan suna turo na gabansu. Da ya saki zoben sai a kwasa a guje a cike gurbin, a je a yi karo da masu kallon fuska a kwano, waɗanda su ma sun toge. Layin da a da yake jan jiki a hankali kamar yadda aka saba, ya koma tsayawa da zabura, kuma duk zabura sai wani ƙarami ya yi tuntuɓe.

Ga kuma waɗanda ban sa su a lissafi ba sam. Yaron da ba shi da kuɗin jirgi, a da yakan tsaya can nesa ya yi kallo ya wuce. Yanzu na samar masa abin kallo kyauta, da alawa kyauta in ya iya kutsawa. Suka yi dafifi a wajen igiya ta kowane gefe, suna jingina da ita, suna miƙo hannu, suna tare 'yar iskar da ke shigowa. Na cikin layi suka zama kamar an rufe su a ɗaki.

Mafi muni shi ne kacici-kacicin. Wa ke cin irin wannan gasa? Yaro namiji ɗan shekara 12 ko 13, mai baki, mai ƙarfin murya, wanda hannunsa ba komai. Wa ke cika layin lilon Sallah? 'Yan mata ƙanana, kowace da goyon ƙaninta a baya, wata da na biyu riƙe a hannu, kuɗin su duka a ƙulle a wurinta, an kuma ja mata kunne a gida kada ta kuskura ta saki kowa. Ba za ta yi ihu ta ɗaga hannu ba ko ta san amsar, kunya ba za ta bar ta ba, kuma hannun ma ba ta da shi. Duk lokacin da na fito da gwarzo guda na kai shi gaba ana tafi, na mayar da kowace irin wannan yarinya baya da kujera ɗaya. Abokan gwarzon kuma su ce ai tare suke, su bi shi ta ƙarƙashin igiya. Da sauran suka ga layi ba shi da alfarma a wurin mai layin kansa, kowa ya shiga neman hanyarsa.

Ana dab da kiran la'asar turke ɗaya ya tumɓuke saboda nauyin masu jingina. Igiya ta saki, na waje suka zubo kan na ciki. Allah Ya taƙaita, ba a yi asarar rai ba. Da aka ɗaga yara ɗaya bayan ɗaya, a ƙasa aka tarar da wata yarinya da ba ta wuce shekara 10 ba. Ta faɗi ta fuska don ta ƙi yarda ta faɗi ta baya, inda ƙaninta yake. Bakinta ya daki turken da ya kwanta. Leɓenta ya tsage, haƙorinta na gaba ya karye, kuma ba na nono ba ne da zai sake fitowa. Sabuwar atamfarta ta ɓaci da jini, kuɗin da ta ƙulle ya watse an tsince. Tun kafin azahar take cikin layin nan, ba ta hau jirgin ba. Ƙanin ko ƙwarzane bai yi ba.

Muka kai ta aka ɗinke leɓen, Kawu ya biya, ya sa aka mayar da su gida da wata 'yar garinsu. Aka rufe jirgi a ranar.

Da daddare a ƙofar shago na yi laifi na biyu, wanda ya fi ba ni kunya yanzu in na tuna. Na buɗe baki na ce ai matsalar mutanenmu ce, ba su san layi ba, ba tarbiyya, da a Turai ne da ba a yi haka ba. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, shekara nawa muna kafa jirgin nan? An yi kuka, an yi dambe, an sace takalmi. Ka taɓa ganin mun kai wani ɗinki? Yaran bara ne na bana. Abin da ya sauya kai ka kawo shi." Na rasa ta cewa. Ya ƙara da cewa gobe da sassafe in shirya, za mu je gidan su yarinyar, kuma ni zan yi magana.

Wani ƙauye ne ta wajen Saji. Mun tafi da mai unguwa, da ɗan abin da aka saba riƙewa a hannu. Uban ya tafi cirani Kudu, kakarta ce ta fito zaure. Na durƙusa na ce, "Iya, ku gafarce ni, laifina ne, ni na shirya abin da ya jawo wannan." Ta ce ƙaddara ce, Allah Ya kiyaye gaba, ta yi godiyar ɗawainiya. Har mun fara sallama sai ta ce, "An ce kai malamin makaranta ne. Yarinyar nan ta ce mini ta san amsar tambayoyinka, tana faɗa a ranta. Ɗan nan, a makarantar taku ma haka ake yi, wanda ya fi baki shi ke wucewa gaba?" Na sunkuyar da kai. Amsar gaskiya ita ce eh, sau da yawa haka ake yi a ajina, kuma ban taɓa lura ba sai a zauren nan. Kawu ya ce duk Sallah ta zo ta hau kyauta ita da ƙannenta. Kakar ta yi murmushi kawai. Ba su sake zuwa ba.

Bayan an sauke jirgi na ɗauki biro na yi lissafin da ya kamata in yi tun cikin azumi, lissafin da nake koya wa 'yan aji biyar. Juyi ɗaya yana cin kamar minti 3. Sauke yara, karɓar kuɗin sababbi, neman canji, rarrashin mai kuka, ɗaure sarƙa, wannan yana cin kamar minti 4, ya fi hawan kansa tsawo. Ke nan a awa guda ba za a wuce juyi 8 ko 9 ba, yara 100 da ɗoriya. In yara 200 ne a gabanka, jiran awa 2 ya hau kanka, ko an buga maka ganga ko ba a buga ba. Masana harkar layi suna jingina irin wannan lissafi ga wani Ba'amurke, John Little, da ya tabbatar da ƙa'idarsa a 1961, amma direban tasha ma ya san shi: yawan masu jira da saurin lodi su ke yanke tsawon zama. Ni ban gyara ko ɗaya daga cikin biyun ba. Na ƙara yawan jama'a, na rage saurin tafiya, na bar su a rana ba rumfa ba ruwa. Kuɗin da na kashe a alawa da hayar lasifika ya isa ya yi hayar tamfol ya cika randa biyu.

Na koma kan maƙalar Maister. Batutuwa 8 ya kawo, ni na ɗauki na farko na rufe waya. A cikin sauran akwai cewa jiran da mutum bai san iyakarsa ba ya fi wanda ya sani nauyi, cewa fargaba na ƙara wa jira tsawo, da cewa jiran da ba adalci a cikinsa ya fi wanda ake adalci ɗaci. Mutumin ya riga ya faɗa mini abin da kacici-kacicina zai haifar, a takarda guda da na ɗauko shawarar, ban dai kai wurin ba. Wannan ciwo ne na irinmu 'yan boko: mu karanta sakin layi ɗaya mu zo muna yi wa wanda ya shekara 20 yana sana'a lacca.

Na sake kallon bidiyon Disney, wannan karon ina duban abin da ke bayan yaran da ke dariya. Layin a inuwa yake, da fanka, da famfon sha, da shingen ƙarfe da aka dasa a siminti, da ma'aikata a kowace kwana, da allo a bakin shiga da ke faɗa maka minti nawa za ka jira. Kuma ba wanda zai iso wurin sai ya biya kuɗin shiga tun daga babbar ƙofa, don haka babu 'yan kallo masu jingina da igiya. Wasan shi ne fentin ƙarshe a kan ginin da aka gama, ni kuwa fentin kaɗai na gani.

Wanda ya fi buɗe mini ido shi ne lilonsu na ɗan giwa mai tashi, Dumbo, wanda shi ma kewayawa yake kamar jirgin Kawu, kuma ƙananan yara ne masu hawansa. Da suka tashi gyara shi a 2012, abu na farko da suka yi shi ne suka kafa na biyu a gefensa, wato suka ninka yawan masu hawa. Sannan suka cire yaran daga layi ɗungurungum. Suka gina wani babban tanti mai sanyi da kayan wasa a ciki, a tsarin da suka fara da shi, in kun iso a miƙa wa uba ko uwa wata 'yar na'ura, yara su shiga su yi ta tsalle, iyaye su zauna. In lokacinku ya yi na'urar ta yi ƙara ku fito ku hau. Na'urar ce ke riƙe muku layi.

A nan na yi dariyar takaici, domin wannan dabara a ƙofar gidanmu take. Je ka injin niƙa a Kibiya da hantsi. Ba yaron da ke tsaye a layi. Kwanuka da robobi ne a jere, kowane da ƙyallen da mai shi ta ɗaure, yaran da aka aiko suna can gindin bishiya suna 'yar gala-gala. Kwano ke bin layi, mai niƙa na kiran mai shi in an zo kansa, kuma duk wanda ya kuskura ya tsallakar da nasa, unguwa gaba ɗaya za ta taso masa. Mutanen da na ce ba su san layi ba sun daɗe da raba jira da tsayuwa, ba tare da na'ura ba. Tun ina ɗan shekara bakwai ake aikena wurin.

Kafin Babbar Sallah abubuwa suka sauya a Rano. Ranar 23 ga Mayun 2024 gwamnatin jiha ta soke dokar 2019 da ta kafa sababbin masarautu, Rano na ciki, kuma saboda rikicin sarautar da ya biyo baya 'yan sanda suka hana hawan Sallah a faɗin jihar. Sai a watan Yuli aka dawo da masarautar a matsayi na biyu, da Rano da Bunkure da Kibiya a ƙarƙashinta. Ma'anar hana hawan a wurinmu ita ce, a Sallar 16 ga Yuni yara ba su da dawakin kallo, duk filin Kawu za su nufo. Na ji tsoro ƙwarai. Wannan karon ban je masa da tsari ba, na je da lissafin da na yi da labarin injin niƙa, muka zauna muka tsara tare da samarin da ke tura jirgin, waɗanda a baya ban ko tambaye su ba.

Muka ɗauke karɓar kuɗi daga bakin jirgi, muka kai teburi can nesa. Yaro ya biya a ba shi kati da muka yanka daga kwalin taliya. Kowane rukuni kati 12 ne. Ɗaya daga cikin samarin ne ya tuna mana cewa rabin yaran ba su iya karanta lamba ba, don haka kowane rukuni muka zana masa alama da fenti, wannan wata, wannan tauraro, wannan kifi, wannan zakara, da launi daban-daban. Mai kati ya tafi ya zauna a rumfar tamfol inda randa take, ko ya je ya sayi awara, ko ya yi wasa. In an kira jan kifi, masu jan kifi su zo su shiga wani ɗan shinge da Kawu ya walda, wanda ba ya ɗaukar fiye da mutum 12, su jira juyin da ke tafe. Shiga ta gabas, fita ta yamma. Igiya da turaku Kawu ya ce kada ya sake ganinsu a filin.

Kwalabe da ganga da kwanon ban yar da su ba, don yara na son su, kuma ba su ne suka yi laifi ba. Mun mayar da su gindin wata darbejiya a ɗaya ƙarshen filin, kowa ya je, mai kati da marar kati, ba kuma abin da wasa zai ƙara wa mutum ko ya rage masa a wajen hawa. Lasifika ta koma kiran alama da cigiyar yaran da suka ɓata.

Da yake ba canji ba ciniki a bakin jirgi, saukewa da ɗorawa ya ragu zuwa kamar minti 2, juyin awa guda ya kai 12. Abin da Kawu ya fi jin zafinsa shi ne sharaɗin da na kafe a kansa, cewa da zarar katin da aka sayar ya kai adadin da zai iya hawa kafin magariba, a rufe teburi. Ganin yaro da kuɗi a hannu ana ce masa sai gobe bai yi masa daɗi ba, ni ma haka. Amma yaron ya san matsayinsa tun da wuri, bai ƙone a rana a banza ba. Sabuwar matsala ba ta rasa ɓullowa ba: wasu 'yan samari suka riƙa sayen katin farko-farko suna sayarwa da riba, wani ma ya zana nasa kifin a gida. Dole Kawu ya riƙa buga hatimin shagonsa a bayan kowane kati.

Ranar 18 ga Disambar 2024 na ji a rediyo abin da ya faru a Ibadan. An shirya wa yara bikin wasa a filin wata makarantar sakandare a unguwar Basorun, aka yi shelar za a raba kyautar kuɗi da abinci, jama'a suka yi sammako fiye da yadda aka zata, aka yi turmutsutsu a wajen shiga. Yara 35 suka rasu. Ban iya cin abinci ba a daren. Kayan haɗin duk na san su, don na taɓa haɗa su da hannuna: kyautar da ba za ta ishi kowa ba, hanya ƙunci, taron da ba a ƙidaya ba, da ƙananan da ba sa iya kare kansu. Girman taro ne ya bambanta mu, sai kuma kiyayewar Allah. Tun daga nan ko alawar gindin darbejiya na daina bayar da ita a matsayin kyautar gasa. In akwai, kowane mai kati a ba shi ɗaya a teburi, in babu a haƙura.

Magana ɗaya ce har yau ba mu daidaita a kanta ba ni da Kawu, kuma bakina ne ya jawo. Wata rana muna hira na ba shi labarin cewa Disney sun fito da tikitin riƙe layi kyauta a 1999, suka yi shekara fiye da 20 a haka, sai a 2021 suka soke shi suka mayar da shi na kuɗi, wanda ya ƙara biya ya bi ta gajeriyar hanya. Na faɗa ne don in nuna masa kwaɗayin manyan kamfanoni. Shi kuwa wani abu dabam ya ji. Duk Sallah ba a rasa wani Alhaji da zai tsaya da mota a bakin fili, ya aiko direba ya ce zai biya ninki uku 'ya'yansa su hau yanzu, don suna sauri. Kawu na ganin kuɗin fenti da giris da ladan samari, yana kuma ganin mutumin da watakila gobe zai ba shi aikin ƙofofin gida guda. Ni ina ganin yara 12 masu jan kifi da za a ce su koma su zauna, kuma na san wace irin yarinya ce ba za ta ce uffan ba a cikinsu. Hujjarsa ba ta banza ba ce, jirginsa ne, guminsa ne, ni albashi nake jira a ƙarshen wata. Na kawo shawarar a ware juyi ɗaya a kowace awa mai tsada, a sanar tun da safe kowa ya sani, ya ce wannan zai sa a ce ya raba 'ya'yan mutane gida biyu, gara a yi abin a shiru. Na ce in dai a shiru ne to a nemi wani ya riƙe teburi.

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ikon Allah. Malam, ba kai ne ka ce mu yi koyi da ƙasashen da suka ci gaba ba?"